Buluberi don ƙwaƙwalwar dattawa: wanne ya cancanci kuɗin mai saye a Zariya?

Duk wanda yake da tsoho a gida, kuma ya fara lura cewa Baba yana mance inda ya ajiye carbinsa, ba zai rasa jin labarin buluberi ba, wato ƙananan 'ya'yan itacen nan masu launin shuɗi mai duhu da asalinsu Arewacin Amurka ne. Abin da ya ɗaga darajarsu shi ne sinadarin antosayanin da ke ba su launi. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Harvard sun wallafa sakamakon bibiyar mata kimanin 16,000 masu shekara 70 zuwa sama, inda suka ga cewa waɗanda suka fi cin buluberi da sitiroberi raguwar kaifin ƙwaƙwalwarsu ta yi jinkiri da abin da ya kai shekara biyu da rabi. Amfanin yana tattare da ci a kai a kai na tsawon shekaru, don haka tambayar mai saye ita ce: wanne aljihuna zai iya ɗorewa a kai?

Ɗanyen buluberi daga ƙasashen waje ake shigo da shi, yawanci a 'yar roba mai giram 125, ga tsada ga saurin lalacewa, kuma zafin Zariya ba ya raga masa. Wanda aka daskarar ya fi shi dacewa a ganina, domin sanyi yana riƙe sinadarinsa, sai dai yana buƙatar firji da wutar da ba ta yawan ɗaukewa. Idan aka taɓa ledar aka ji 'ya'yan sun cure sun zama dunƙule guda, alama ce ta cewa sun narke an sake daskarar da su, gara a haƙura.

Busasshen yana jure ajiya, amma galibi ana zuba masa sukari, abin da bai dace da mai ciwon suga ba. Garin buluberi da ƙwayoyin da ake yi da shi kuwa, waɗanda ake yawan tallatawa da alkawarin dawo da tunani, kada a saya sai an ga lambar NAFDAC a jiki.

Abin da nake so masu karatu su tsaya a kansa shi ne zoɓo, wanda yake jibge a Kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada, kuma jan launinsa daga dangin wannan antosayanin ɗin yake. A zaɓi mai duhu sosai, busasshe ƙayau, marar warin ruma, a dafa shi da citta da kanumfari, a rage sukari matuƙa. Yana iya sauke hawan jini, saboda haka dattijon da ke shan maganin hawan jini ya fara tuntuɓar likitansa. Idan kuwa mantuwar ta kai ga ɓata hanyar masallaci ko kasa gane jikoki, a kai shi Asibitin Koyarwa na Shika a duba shi tun da wuri.