Rigakafin HIV: ƙwayar kullum ko allurar wata biyu-biyu?

Duka biyun magunguna ne na kare wanda ba ya ɗauke da HIV daga kamuwa da ita. Ƙwayar ta haɗa tenofovir miligram 300 da emtricitabine miligram 200, ana shan guda ɗaya kullum. Kariyarta kan kankama bayan kimanin kwana 7, kuma ga mai sha a kai a kai tana rage haɗarin kamuwa ta jima'i da kusan kashi 99 cikin ɗari. Matsalarta mantuwa da tsallake kwanaki. Tana kuma buƙatar a riƙa duba ƙoda, musamman ga masu shekaru.

Allurar cabotegravir kuwa miligram 600 ce a tsokar ɗuwawu. Biyun farko wata guda ne tsakaninsu, daga nan sai duk wata biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022. Haɗarinta yana wajen dainawa: ragowar maganin kan daɗe a jini har shekara guda, ba ya isa kariya, amma idan mutum ya kamu da HIV a lokacin, ya isa ya koya wa ƙwayar cutar bijire wa magungunan jinyar HIV irin su dolutegravir. Don haka wanda ya daina allura alhali haɗarin bai gushe ba, lallai ya koma kan ƙwaya.

Wasu cututtukan ma suna yanke hukunci. Mai shan rifampicin na tarin fuka ba a yi masa allurar, domin yana zaftare ƙarfinta. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa ƙwayar ta fi dacewa da shi, tunda tenofovir na danne cutar, sai dai dainawa farat ɗaya kan tayar da hantar.

Kowanne aka zaɓa, gwajin HIV ne farko.