Katin RAID a sabar ɗinmu: yana aiki, amma tashin farko sai da gyara

Masu tambayata ko katin RAID, wato katin da ake sa wa kwamfuta don ya haɗa faifan ajiya da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta. Sai dai duk wanda zai sa shi a injin da ke ɗauke da Linux ya san cewa injin na iya ƙin tashi a kunnawar farko, kuma yawanci ba katin ne ya lalace ba.

Ni ke kula da sabar ɗin wani gidan sari a nan Maraɗi. A ciki ake ajiye lissafin kaya, rasitai da bashin abokan ciniki, har da masu zuwa daga Katsina ta Ɗan Isa. Da can faifai biyu ne masu kwafin juna ta hanyar manhajar mdadm a kan Debian, wani nau'in Linux. In wuta ta yanke ba shiri, sai faifan su shiga daidaita kansu, injin ya yi nauyi daidai lokacin da layi ya cika gaban mai karɓar kuɗi. Shi ya sa muka sayo kati na hannu daga Kano, mai batirin da ke riƙe abin da ba a gama rubutawa ba.

Na kwashe komai zuwa faifan waje, na haɗa RAID 1, wato faifai biyu masu kwafin juna, a cikin katin, na yanka sababbin ɓangarorin faifai, na maido da fayiloli, na sa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. Da na kunna, GRUB ya fito lafiya, sannan allo ya tsaya baƙi da kalma ɗaya a ƙasa, initramfs, da layin da ke cewa ba a ga UUID, wato lambar shaida, ta ɓangaren da tushen tsarin yake ba. Alhaji mai gidan na tsaye bayana da carbi a hannu. Ya ce, "Malam, lissafina yana nan?" Na ce, "Yana nan, ranka ya daɗe. Kaya na cikin ɗaki, ƙofar ce aka sauya ba a nuna wa injin ba."

Dalilai biyu ne suka haɗu. Kafin Linux ya kai ga babban faifai, yakan ɗora wani ƙaramin tsari a ƙwaƙwalwa, shi ne initramfs, kuma a cikinsa direbobin faifai suke, wato manhajojin da ke sa Linux ya gane su. Namu an gina shi da MODULES=dep, wato ya ɗauki direbobin kayan da ke jikin injin a lokacin kaɗai. Katin bai zo ba a lokacin, don haka babu direbansa, kuma in babu direba faifan gaba ɗaya ba ya bayyana. Sunan direban ya danganta da irin katin: akwai megaraid_sas, akwai hpsa, akwai aacraid. Na biyu, duk ɓangaren da aka tsara sabo yana samun sabuwar lambar UUID, alhali fayil ɗin fstab, mai jerin ɓangarorin da za a ɗaura, da saitin GRUB da na maido suna neman tsohuwar.

Gyaran ba shi da tsawo. Na tayar da injin da filashin USB mai ɗauke da Debian, na ɗaura sabon faifan tare da dev, proc da sys, na shiga cikinsa da umarnin chroot. Umarnin blkid ya ba ni sababbin lambobin, na gyara fstab, na mayar da saitin zuwa MODULES=most, na cire tsohon layin da ke cikin mdadm.conf. Sai update-initramfs -u -k all, sai grub-install da update-grub. Akwai wani ɗan fayil mai suna resume a cikin conf.d da mutane ke mantawa. In yana riƙe da tsohuwar lambar swap, ɓangaren faifan da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa, injin zai tashi amma zai daɗe yana jiran abin da ba ya nan. Shi ma na gyara shi.

Tun daga nan ban ga wata tangarɗa ba. Rubutu ya yi sauri a fili, kuma in wuta ta ɗauke kafin a tada janareta, injin na dawowa ba tare da wancan nauyin ba.

Abin da ke damuna shi ne zafi. Katin na ɗaukar zafi sosai, an ƙera shi ne don injin da iska ke ratsawa, kuma kowa ya san Afrilu da Mayu a Maraɗi, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska. Na ɗaura masa ƙaramar fanka ta kansa. Zafi kuma na cin batiri, kuma in batirin ya raunana katin kan daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, ya koma rubutawa kai tsaye, saurin da aka saya ya tafi ba sanarwa. Haka nan smartctl, umarnin duba faifai, ba ya ganin lafiyar kowane faifai sai an gaya masa irin katin da lambar faifan.

Wanda zai saya ya tambayi shekarun batirin kafin ya biya, ya kuma nemi kati na biyu irinsa ya ajiye, domin in wannan ya mutu, ɗan'uwansa ne zai fi saurin karanta faifan, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba.