Littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, bugun 2024: ya raba mana rigimar layar zana

Shekara shida ke nan ina jan ragamar wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, a teburinmu, kuma babu abin da ya fi ɓata mana dare kamar wanda ya ɓace wa gani da sihiri a tsakiyar faɗa. Shi ya sa da sabon littafin ya shigo hannuna ban tsaya kallon zane-zane ba, kai tsaye na nufi ƙamus ɗin dokoki da ke ƙarshensa.

A bugun 2014, wanda ya ɓace yakan jefa ɗan lido mai fuska 20 guda biyu ya ɗauki babba idan zai kai hari, mai kai masa hari kuma ya ɗauki ƙarami. Wani dare matsafin abokan gaba ya yi sihirin da ke nuna abin da ya ɓace, sai na ce to, yanzu yana ganin ɓarawon ƙungiyar 'yan wasanmu da ya ɓace. Mai wasa da ɓarawon ya buɗe shafi, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce mini: "Ina aka rubuta cewa ganina ya soke garaɓasata?" Gaskiya ba a rubuta ba. Muka yi kusan rabin awa muna ja-in-ja, ɗan lido na kwance babu mai taɓawa, har wata daga cikinmu ta fara tattara takardunta.

Sabon bugun ya warware wannan da jimla ɗaya: duk wanda ya iya ganinka, ba ka da wannan garaɓasar a kansa. Na ji daɗinta ƙwarai. Kuma da yake an jera dokokin bi da bi bisa haruffa, kafin gardama ta yi zafi an samo wurin.

Inda nake ganin da sauran gyara shi ne ɓuya. Wanda ya laɓe bayan bango ya samu 15 ko fiye a jifan ɗan lido na gwajin sanɗa, suna ɗaya aka ba shi da mai layar zana, alhali ba ɓacewa ya yi ba. Ya ɗaga murya sama da raɗa, ko ya kai hari, ko maƙiyi ya gano shi, ɓuyar ta ƙare. A teburina na raba su: wannan "ya laɓe", wancan "ya ɓace". Na rubuta a kati na ajiye gaban kowa, kuma a zamanmu na makon jiya mai ɓarawon ne da kansa ya tuna wa wani bambancin.