Mai gyaran fili ko mai saran bishiya: wa za ka kira, kuma me ya sa kuɗinsu ya bambanta?

Da ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iskar farkon damina ke kaɗawa a Kaduna, masu tsofaffin gidaje a Unguwar Rimi, Malali da Barnawa ke tunawa da reshen mangwaro ko darbejiyar da ya rufa a kan kwano. Da yawa sukan ce yaron da ke yanka musu ciyawa ya hau da adda, tunda shi ba sai an yi ciniki ba. Nan ne ake tafka asara.

Mai gyaran fili aikinsa a ƙasa yake: yankan ciyawa, askin shinge, shara, ban ruwa da rani. Wata-wata ake biyansa, ko duk zuwa. Ma'aunin da za a iya dubawa shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 tun 2024, kodayake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Gwani a cikinsu ba ya yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda.

Shi kuwa mai saran bishiya jinga ake yi da shi, kowace bishiya da kuɗinta, kuma aikin yini ɗaya kan iya kamo albashin watan wancan. Ba tsawwalawa ba ce. Injin sarƙar da yake yanka itace da shi na shan fetur haɗe da man tu-sitirok, wato man inji da ake gaurayawa da fetur. A injin kamfanin Stihl na zamani, mililita 100 na man ake zubawa a lita 5 na fetur. Ga man sarƙa daban, ga igiya, ga yara biyu ko uku a ƙasa masu riƙe reshe. Uwa uba, ransa yake ɗauka ya hau sama da inji mai iya zabura baya idan tsinin bakinsa ya taɓa itace.

Kafin ka ba mai saran bishiya kafin alƙalami, tambaye shi yadda zai sauke babban reshe. Wanda ya san aiki zai fara yanka ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga jikin bishiya, ya ci sulusin kaurin reshen. Sannan ya yanka ta sama, can gaba kaɗan, reshen ya faɗi. Daga ƙarshe ya cire kututturen daidai wuyansa, wato kumburin da ke inda reshe ya haɗu da jikin bishiya. Mai sara ɗaya daga sama zai sa nauyin reshe ya ɓare ɓawo har jiki, ruwa ya kwanta, gara ta shiga, bishiya ta yi kogo. Haka wanda ya ce zai fille mata kai gaba ɗaya, ka sallame shi: tohon da zai biyo baya ba shi da ƙwari, shi iska ke fara karyawa.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne kusancin katanga, rufi ko wayar wuta. Idan reshe na taɓa waya, sai Kaduna Electric ta ɗauke wuta tukuna. A yi magana tun farko kan wanda zai kwashe itacen, domin gungumen maɗaci ko malaina kuɗi ne, ya kamata a rage shi cikin jinga. A kuma rubuta wanda zai biya idan kwanon maƙwabci ya lotsa. In kayar da bishiya za a yi ɗungurungum, a fara tuntuɓar hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, kan batun izini.

Duk reshen da mutum zai iya yankewa ƙafarsa na ƙasa, mai gyaran fili ya isa. Da zarar sai an kafa tsani, a kira mai inji da igiya.