Dashen zaitun na lambunan bakin titi: a saya ko a bari?

Masu sayar da dashen itatuwa a bakin titi kan jera zaitun a baƙar leda, su ce wa mai saye bayan 'yan shekaru zai matsi mansa. Dashen kansa ba shi da laifi, yana kamawa kuma yana jure fari. Alkawarin 'ya'yan ne abin dubawa.

Da farko a tabbatar zaitun ne. Ganyensa siriri ne mai tauri, biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe, samansa kore mai duhu, ƙasansa fari-fari kamar azurfa. Idan ƙasan ganyen ya yi ruwan ƙasa ko ruwan zinari, mai yiwuwa zaitun dajin Afirka ne, Olea europaea cuspidata, mai ƙananan 'ya'ya marasa tsoka. Atili na Jos kuwa, duk da kamannin 'ya'yansa, ba ya cikin dangin zaitun, wato Oleaceae, ɗan'uwan hano ne da dashi. A kuma tambaya ko daga reshe aka samo dashen. Na reshe kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5 a inda yanayi ya dace, na ƙwallo yana daɗewa kuma ba ya gado uwarsa.

Babbar matsalar ita ce rashin isasshen sanyi. Zaitun yana buƙatar makonni na sanyi a jere kafin ya yi fure. Daren hunturu a Kano ko Maraɗi yana sanyi, amma zafin rana yana warware abin da dare ya tara, sai itacen ya yi ta ganye kawai. Zaitun Sahara ma, laperrinei, a kan duwatsun Ayar na Nijar da Jabal Marra na Sudan yake zaune, inda tsayi ya kawo sanyi.

Ruwa ma yana kashe shi. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, a gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ɗaga gindin ya zama tudu. A ƙasar laka, ruwan Agusta yana kwanciya, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya zube.

Don adon tsakar gida ya cancanci kuɗinsa. Mai neman gonar man zaitun ya fara da dashe biyu ko uku tukuna. Wanda yake son ɗan dangin zaitun da zai yi fure a zafinmu, yasmin, Jasminum sambac, ya fi masa, kuma reshensa yana kamawa cikin sauƙi da damina.