Allon inamel: tsada, nauyi, jira, amma ba ya koɗewa

Masu tambaya ko allon inamel ya cancanci kuɗinsa, amsata eh ce, amma da sharaɗi. Na sa an yi min ɗaya mai suna da lamba na kafe a bango waje, rana ta dake shi ruwa ya dake shi, allon roba da aka kafa kusa da shi lokaci guda tuni ya yi fari fat ya fara tsagewa, shi kuwa nawa in ka goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma sai ka rantse yau aka fito da shi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan fa ba fenti ba ne sam, gilashi ne aka narka a jikin ƙarfe, irin rufin nan na tsofaffin kwanukan ƙarfe masu fure. Farantin ƙarfe ake yankawa a huda ramukan ƙusa tun farko, a wanke shi tas ba maiƙo ba tsatsa, sannan a fesa masa garin gilashi da aka dama da ruwa, in ya bushe a tura shi tanderu mai zafin wajen digiri 800. Garin ya narke ya kama ƙarfen. Shafin farko yawanci baƙi-baƙi ne ko shuɗi mai duhu saboda kobal ko nikel da ake sa masa, su ne ke sa gilashin ya manne da ƙarfe, kuma har bayan allon ake shafawa don kar ya lanƙwashe a wuta. Daga nan kala ta biyo, a tsarin gargajiya kowace kala da nata shiga wutar, a shafa fari a gasa, a shafa shuɗi a gasa, haka haka. Shi ya sa in ka bi haruffan da yatsa za ka ji sun ɗan taso, ni wannan tudun ma ya fi burge ni fiye da ƙyallin.

Kalolin kansu daga ma'adinai suke, shuɗi daga kobal, kore daga kuromiyam, fari daga titaniyam, abin da ya riga ya sha wutar digiri 800 zafin rana me zai yi masa? Ruwa ba ya ratsa gilashi balle ya kai ga ƙarfen, in wani ya yi maka rubutu da alƙalamin maka ko fentin fesawa ka sa tina ka goge, allon ko a jikinsa. Ba sabuwar fasaha ba ce kuma, a Ingila wani Benjamin Baugh ya yi rajistar hanyar yin su a Birmingham tun 1859, kuma har yanzu allunan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da shuɗayen allunan sunayen titunan Paris da yawansu inamel ne. Tsofaffin allunan talla da yawa ba lalacewa suka yi ba, narkar da su aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don ana neman ƙarfe, daga baya roba da fenti masu araha suka karɓe kasuwar.

To ga inda ban ji daɗi ba. Gilashi dai gilashi ne, ba ya son duka. In dutse ya same shi ko ka ɗaure sukuru da ƙarfi fiye da kima sai wajen ya ɓantare, kuma da zarar ƙarfe ya bayyana tsatsa ta samu ƙofa, ka duba tsofaffin allunan nan za ka ga duk tsatsar daga gefe take da bakin ramuka, tsakiyar lafiya lau. Wanda ya yi min nawa bai haɗo da washar roba ba, wato ɗan zoben roba da ake sawa ƙarƙashin kan sukuru, kuma bai ce min komai a kai ba, wanda gaskiya sakaci ne, abin da shi ne zai kare ramin. Ku tambaya kafin ku karɓa. Sannan yana da nauyi, aikin yana cin lokaci, kuma jan da na zaɓa a waya ba shi ne daidai ya fito ba, ya ɗan fi duhu, an ce min ja da rawaya sun fi wuyar sha'ani a wuta. Kuskuren rubutu kuwa babu gyara, in an gasa an gasa, don haka ka karanta samfurin da kyau harafi bayan harafi.

A kula da masu sayar da gwangwanin da aka yi wa fenti mai sheƙi suna kiransa inamel, na gasken yana da nauyi da sanyi a hannu, haruffansa da tudu, farce ko tsabar kuɗi ba sa kankare shi. In rubutun da za ka sa mai canjawa ne kamar lambar waya ko farashi, kar ka ɓata kuɗinka, sitika ta ishe ka. Lambar gida, sunan titi, sunan wurin da ba ka da niyyar tashi, nan kam inamel zan sake saya, da washar roba a hannu.