Kafin ka sayi ƙaramin jirgin jet mai injin gaske

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgin rimot mai injin turbin ana tayar da shi, ya ji fiton injin yana hawa a hankali, ya shaƙi warin kananzir, ya ga iska tana rawa a bakin salansa, ya san abin da ke hana masu wannan sha'awa barci. Ni ma ta kama ni, shi ya sa ba na son in ga sabon shiga yana tsintar tarkacen jirginsa a rana ta farko.

Ka fara tambayar kanka: turbin ko fankar lantarki? Mai fanka yana aiki da batir, ba harshen wuta, ba mai, kuma da ka taɓa totur zai amsa. Sai dai minti uku zuwa huɗu batir ya yi sanyi. Turbin kuwa injin jet ne na haƙiƙa da aka ƙanƙanta. Yana shan kananzir ko dizal da aka haɗa da man injin kashi 5 cikin ɗari, matsakaicinsa yana juyawa sama da sau 100,000 a minti, zafin hayaƙinsa yana haura digiri 600. Wanda bai gwanance da mai fanka ba, ya dakata tukuna.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gangar jirgin. Ido yana son F-104 Starfighter, siriri kamar mashi, amma fikafikansa 'yan guntaye ne, dole ya sauka da gudu, kuma ba ya yafe kuskure. Kwaikwayon jiragen koyon tuƙi irin su BAE Hawk na Ingila ko L-39 Albatros ya fi sauƙin hali: fiffike mai faɗi, sauka cikin natsuwa, ga kyan gani. Dalilin da ya sa na dage a nan shi ne turbin ba ya amsawa nan take. Ka zo sauka, ka ga titi zai ƙare maka, ka tura totur, sai injin ya ɗauki daƙiƙa uku ko fiye kafin ƙarfi ya zo. A wannan ɗan tsakanin fiffike ne kaɗai ke riƙe da jirgin. Na taɓa ganin wani yana danna sandar totur har ƙarshe, babban yatsansa yana rawa, jirgin kuwa ya riga ya zauna a ciyawa kafin injin ya farka.

Jikin jirgin da aka yi da soso ya fi sauƙin gyara da gam, amma zafi da gudu suna gajiyar da shi. Na faiba ya fi ƙarfi da santsi, gyaransa kuma sai mai haƙuri.

Sai inji. JetCat na Jamus, KingTech na Taiwan, Xicoy na Sifaniya, duk sanannu ne. Lambar da ke jikin sunan galibi ƙarfin turi ce a ma'aunin niwton: 100 na nufin turin kusan kilo 10. Ka bi abin da maƙerin jirgin ya rubuta, kada ka ce gwamma babba. Babban inji yana nufin ƙarin nauyi, ƙarin mai, da gudun da gangar ba za ta iya ɗauka ba. A wurina abin da ya fi suna muhimmanci shi ne wa zai yi maka sabis. Yawancin kamfanoni suna so a duba boris bayan awa 25 na aiki, don haka injin da ba ka da inda za ka aika shi, kaya ne kawai. Ka kuma zaɓi mai tashi da kananzir kai tsaye, ka huta da ɗaukar gwangwanin gas irin na tsofaffin injuna.

Tayoyi masu naɗewa iri biyu ne. Na iska suna da sauri amma bututunsu yana yoyo. Na lantarki sun fi kwanciyar hankali. Birki dai dole ne, domin ko an sauke totur injin yana ci gaba da turi.

Akwai ƙananan kaya da ba a ganinsu a hoton talla: ƙaramin tankin da ke hana kumfar iska shiga inji, don kumfa ɗaya tana iya kashe shi a sama, ragar da ke tare tsakuwa a bakin inji, batir biyu ga na'urar karɓar sigina, da tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, ba mai hoda ba, saboda hoda tana lalata cikin inji. Ka duba dokar ƙasarka ma. A Amurka, ƙungiyar masu tashin jiragen rimot, wato AMA, ba ta barin mambanta ya tashi turbin sai ya samu izini na musamman bayan gwaji, kuma gudu ba ya wuce mil 200 a awa.

Kafin ka biya ko sisi, je filin da za ka riƙa tashi, ka auna tsawon titin da ƙafarka, ka nemi gogaggen da zai tsaya a gefenka ranar tashin farko.